Waƙar da Inna Ta Sauya wa Kalmomi

Ina aji uku a Getso aka kafa jam'iyya mai alamar tulu, jim kaɗan bayan dawowar mulkin farar hula. Malaman makaranta da ƴan tireda ne suka haɗa ta. Ko mota ɗaya ba su da ita, sai waƙa mai daɗi. Babanmu tela ne, shi ya ɗinka musu tutoci tun daga Gwarzo har Kabo, mu kuwa yara da waƙar muke zuwa ɗiban ruwa.

Jam'iyyar ba ta ga damina biyu ba. Aka soke ta, aka shiga ɗauke mutanenta ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka tafi da Malam Yohanna, hedimastanmu, Baba ya cusa tutocin a murhu. Amma waƙa ba ta ƙonuwa, ga ƙanina Sale ko wanka ake masa sai ya rera ta.

Bayan isha'i kakarmu Inna ta tara mu a bakin murhun. Ta saba fara tatsuniya da tsokanar Sale, wai mijinta rago ne. Ran nan babu tsokana. Ta ba mu labarin dodo marar ido mai farauta da kunne. Zaure-zaure yake bi, duk gidan da ya ji wata waƙa sai ya haɗiye maigidan. Wata yarinya ta gano waƙar da ke korarsa, ta koya wa ƙannenta.

"Ku faɗa yadda na faɗa," in ji Inna. "Wanda ya kuskure, shi ya kira dodo."

Karin na jam'iyya ne sak, amma kalmomin na kaza da ƴaƴanta ne. Kullum sai mun maimaita.

Wata Juma'a baƙi biyu suka yi sallama, Baba yana ciki. Suka miƙa wa Sale alewa, suka ce ya yi musu waƙar da babansa ke so. Ina bayan ƙyaure ina saurare. Sale ya buɗe baki, sai ga waƙar kaza. Suka dubi juna, suka yi dariya suka wuce.

Na daɗe ina ganin Baba kaɗai Inna ta ɓoye da waƙar kazar nan. Bara, yana kwance ba lafiya, ya ce, "Hadiza, yi mini waƙarmu ta tulu." Na yi iya ƙoƙarina, kaza ce dai ta fito. Ya saurara har ƙarshe, ya ce ba haka take ba. Na ce to ya tuna mini. Ya motsa leɓe, ya motsa, sannan ya juya fuskarsa bango.