Ledar da Aka Shimfiɗa a Sama

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula na dawo Katsina daga bautar ƙasa, da shaidar karatun fasahar gine-gine a jaka, babu aiki. Na tarar fuka ta matsa wa mahaifina fiye da yadda na bar shi. Ɗakinsa yana ƙuryar gidanmu na cikin birni, bayansa kududdufi ne. Daɓen tsohon siminti ne da ya farfashe, idan aka ɗaga tabarma da safe sai a ga ƙasanta ya jiƙe. Likita ya ce a raba shi da danshi. Shi kuwa ya ce daga ɗakin nan ba inda za shi.

Sai na ɗauki nauyin sake daɓen kafin damina ta kankama. Abin da ya dame ni shi ne me za a sa tsakanin ƙasa da kankare don hana ruwa hawowa. Maginin gidanmu, dattijon da yake yi wa mahaifina aiki tun ban san kaina ba, ya kawo shawara biyu: a narka kwalta a shafe, ko a jera tsofaffin buhunan siminti. Na ƙi kwalta saboda warinta da ƙirjin Baba. Buhunan kuwa na takarda ne, ruɓewa suke yi. Na zaɓi baƙar leda mai kauri wadda ake sayarwa a naɗe: a shimfiɗa ta kan yashi, baki ya hau baki kamar taƙi guda, a ɗaga gefenta jikin bango, sannan a zuba kankare.

Duk wannan na rubuta shi da Turanci a littafina, har da zane. Ban nuna wa magini ba. Shawararsa kawai na ƙi, ban faɗa masa tawa filla-filla ba. Ranar da za a fara aiki aka kira ni ganawar neman aiki a Kaduna. Ina tsaye a zaure da jaka na ce wa magini:

"Baba, don Allah kada a manta da leda. Mai kauri. Ita ce maganin danshin."

"Injiniya, mu da muka fara daɓe tun ana yi da makubar ɗorawa, leda ce za ta gagare mu? Tafi ka samo aikinka, kada 'yan siyasa su raba babu kai."

Wani lokaci ina jin na ƙara da "ƙarƙashin siminti", wani lokaci ina jin ban ƙara ba. Yayata tana bayan ƙofa a lokacin, ta ce ba ta ji ba, kuma na yarda da ita.

Bayan kwana shida na dawo. An gama daɓe, an shimfiɗa ledar ɗaki mai koren fure daga bango zuwa bango, an manne ta da gam. Yayata ce ta zaɓo ta, ta ce duk kasuwa babu wadda ta fi ta kauri. A bakin kowa a gidanmu, leda a ɗaki ita ce wannan.

Na ja magini gefe na tambaye shi abin da aka sa a ƙarƙashi.

"Mi za a sa? Ka ƙi kwalta, ka ƙi buhu. Ƙasa ce, Allah ya hore mana ita. Ga ledarka nan tana sheƙi."

Na san abin da zai biyo baya. Ruwan ƙasa zai hau, kankaren da bai bushe ba zai fitar da nasa, ledar sama ta tsare su duka. Amma Baba ya riga ya koma ɗakin, yana cewa masu zuwa gaishe shi, "Aikin ɗana ne." Na bar ledar a inda take, ban gargaɗi kowa ba. Wannan shirun ba zan iya ɗora laifinsa kan kalmar leda ba.

A cikin Agusta ɗakin ya fara wari. Na ɗaga gefen ledar na ga baƙar fumfuna da ɗigon ruwa. A makon ne numfashin Baba ya koma fito, muka kai shi asibiti. Yana kwance muka fasa daɓen, na tsaya da kaina aka shimfiɗa baƙar leda yadda ya kamata. Magini bai yi mini ba'a ko sau ɗaya ba a ranar.

Da aka sallami Baba aka kai shi gidan yayata a Ƙofar Kaura. Na ce sai sabon daɓen ya yi kwana ashirin da takwas kafin kowa ya kwana a kansa, haka aka koya mana. Kullum na je gaishe shi sai ya tambaya:

"Ɗakin ya bushe?"

"Saura kaɗan, Baba."

"Ku maida ni haka nan mana. Na saba da jiƙa."

Na ƙi. A rana ta goma sha tara, bayan sallar La'asar, ya rasu a falon surukinsa. Na koma wurin likita na tambaye shi ko makonnin da Baba ya yi kan waccan ledar ne suka ƙarasa ƙirjinsa. Ya ce ba zai iya cewa e ba, ba zai iya cewa a'a ba.