Ya Zaɓi Mai Tsoro

Duk Asabar ƙungiyar ceton dabbobi takan jera kejin ƙananan karnuka a wani lambu a unguwar Ma'adi ta birnin Alƙahira, don masu son ɗauka su riƙe. Yau ina zaune a gefe ina kallo, akwai wani dattijo a wurin, ya sha kwat, gashin baki rine da baƙi, takalmi sai sheƙi. Ba ya tsugunawa kamar sauran mutane. Yana bin kejin ɗaya bayan ɗaya, a gaban kowanne sai ya ɗaga hannu da sauri, kamar zai gyara gashi.

Wasu su yi haushi, wasu su kaɗa wutsiya, ya wuce su. A keji na bakwai wata 'yar farar karya ta manne da ƙasa, fitsari na bin ƙafarta. Nan ya tsaya, fuskarsa ta saki.

"Wannan nake so, 'yata."

Budurwar da ke riƙe da takardun ƙungiyar ta dafe ƙirji. "Allah sarki, Baba! Wata takwas tana nan, ba mai kallonta. Duka ta sha, sai mai haƙuri."

"Haƙuri ai sana'ata ce. Shekara talatin ina shugaban makaranta."

Ina jin matarsa ta koma wajen ɗansu a Iskandariya, 'ya'yan sun daina ɗaga waya, gidan babu sauran mai jin tarinsa ya shiga taitayinsa.

Budurwar na miƙa masa biro. "Akwai wanda zai taya ka kula da ita a gida?"

"Babu kowa," in ji shi, yana sa hannu. "Daga ni sai ita."