Rijiyar Gaba Goma Sha Biyu

Shekara ashirin da uku ke nan ina koyar da labarin ƙasa a sakandare. Ba ni alli da allo kawai, in zana maka cikin duniya tun daga ɓawonta har dunƙulen ƙarfen da ke tsakiya, in faɗa maka zafin kowane hawa, kai ka ce can aka yanke mini cibiya. Amma tsakani da Allah, wuri mafi zurfi da na taɓa shiga shi ne kwatar da na faɗa da keke ina aji uku. Wanda ya san cikin ƙasa a gidanmu wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mutane suna ce masa Dogo, ni ina ce masa Yaya.

Da ni da shi ba ka cewa ciki ɗaya muka fito. Shi sai ya sunkuya yake shiga ƙofa, ni kuwa saman allo sai na taka benci. Tun yana ɗan shekara goma sha biyar ya kama haƙar rijiya, ya yi shekara arba'in yana cikin rami. Idan aka kira shi fili, ba ya gaggawa. Zai zagaya ya duba inda ruwan sama ke gangarawa, ya duba itacen da bai zubar da ganye da rani ba, ya tsuguna ya murza ƙasa, ya ɗan taɓa a harshe. Can sai ya dangwala sanda ya ce, "Nan. Gaba tara." Gaba shi ne ka miƙe hannu biyu, a auna daga ƙarshen wannan yatsa zuwa ƙarshen wancan. Da shi suke auna igiya, da shi suke auna zurfi. A shekara arba'in ɗin nan ba a taɓa jin ya faɗi lissafi ruwa ya ba shi kunya ba.

Abin da nake zanawa da alli mai launi, shi da diga ya bi ta cikinsa: baƙar ƙasa, jar ƙasa, marmara mai cin bakin diga, yumɓu mai riƙe ruwa, sai yashi mai sanyi. Ni na san sunayensu da Turanci, shi kuwa kowanne ya bar masa tabo.

Shekara huɗu da suka wuce hawan jini ya kayar da shi, ɓarin hagu ya shanye. Ƙafar ta ɗan dawo, yana dogara sanda, amma hannun ya tafi ke nan. Ya bar shiga rami. Abin da ya rage masa shi ne bakinsa. Kullum da hantsi yana kan benci a ƙofar shagon mai faci, masu son rijiya suna zuwa su ɗauke shi a babur ya nuna musu wuri. Ranar da aka zo ɗaukarsa, har wanka yake sakewa.

Ana nan na gama ɗan ginina a bayan gari, inda famfo bai kai ba. Na kwana uku ina nazarin taswira, na bi layukan tudu da kwari, na yanke hukunci cewa ruwa yana kusurwar yamma. Don dai kada a ce na raina babba, na kawo Yaya. Ya zagaya, ya murza, ya lasa, ya je kusurwar gabas ya dangwala sanda.

"Nan. Gaba goma sha biyu."

"Yaya, ai nan tudu ne. A ilimance ruwa kwari yake bi."

"Na sama ke nan, Malam. Na ƙasa ba ya karanta takardarka."

Raina ya sosu, amma na haɗiye. Na ce a zuci, bari in bi shi, in ya so gani ya kori ji. Kuma don a yi abu a ilimance, na shiga ɗaki na miƙe hannuwana a jikin bango, na yi alama da alli, na sa tef: mita ɗaya da santimita sittin. Na ninka sau goma sha biyu, na auna igiya, na ƙulle ƙarshenta, na miƙa wa mahaƙa biyu da na ɗauko. Na ce musu idan ƙullin nan ya taɓa ƙasa, an zo.

Sun yi mako biyar suna haƙa. Ranar da ƙullin ya taɓa, gugan da ya fito yumɓu ne ƙamas, ko damshi babu. Babban cikinsu ya ɗago murya daga ƙasa ya ce, "Malam, ƙasar fa ta soma sanyi a tafin ƙafa, a bari mu ƙara." Na ce su fito, ni ba da tafin ƙafa nake aiki ba. Wallahi, abin kunyar da zan faɗa shi ne, murna na yi. Ga ni ba ruwa, matata tana sayen na 'yan garuwa, amma ni daɗi nake ji taswirata ta yi gaskiya.

Da na tsaya nan da sauƙi. Sai ƙafata ta kai ni shagon mai faci, benci cike da mutane, Yaya a tsakiya. Mai faci ya ce, "Malam, ya rijiya?" Na gyara tsayuwa kamar ina gaban aji na ce, "Gaba goma sha biyu cif, ko ɗigo. Ai zamanin lasar ƙasa ya wuce, yanzu ilimi ake yi." Wasu suka yi dariya. Yaya ya dube ni, ya ɗauki hannunsa na hagu da na dama ya gyara shi a kan cinya. Magana zarar bunu ce. Kafin mako ya zagayo, labari ya bazu cewa ciwon ya taɓa wa Dogo kai, ƙaninsa malami ma ya tabbatar. Babura suka daina zuwa. Shi ma ya daina fita benci, ya koma zaman tsakar gida.

Matata tela ce, kuma ba ta iya ɓoye magana ba. Wata ranar Asabar ina gyaran takardun jarrabawa a falo, tana yanka wa Yaya yadi a kan tabarma, sai ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Malam, wai igiyar nan da hannun wa ka auna?"

"Da nawa mana. Gaba ai gaba ne."

Ta ajiye almakashi. Ta shiga ɗaki ta ɗauko rigata, ta shimfiɗa a kan tsohuwar rigar Yaya da take kwatance da ita, kafaɗa a kan kafaɗa. Hannun rigata ya ƙare, nasa yana ta tafiya.

"Ni dai ban yi jami'a ba," in ji ta, "amma ban taɓa yanka wa mutum riga da awon ƙaninsa ba."

Innalillahi! Takardar da ke hannuna a lokacin, tambaya ta biyu ni na rubuta ta: me ya sa taswira ba ta da amfani idan ba a san ma'auninta ba? Yanzun nan na gama zabga wa ɗalibai bakwai jan biro a kanta. Na so ƙasa ta tsage in shige, ga shi kuma na sani sarai yankinmu ba ya girgizar ƙasa.

Na ɗauki sabuwar igiya na tafi gidansa. Na same shi a gindin bango, ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Na ce, "Yaya, na zo ka auna mini igiya. Da hannuna na auna waccan." Ya ƙare mini kallo daga sama har ƙasa, abin da bai ɗauke shi lokaci ba.

"Da waɗannan 'yan fukafukan?"

"Da su, Yaya."

Ya dafa bango ya miƙe. Ya kama bakin igiya da dama, ya miƙe hannun. Na hagu yana rataye. Muka tsaya muna kallonsa mu biyu. Sai na matsa na kama shi a wuyan hannu, na ɗaga. Ban taɓa sanin hannun mutum yana da nauyi haka ba, ga sanyi, ga kanta a tafin har yanzu tauri kamar fatar takalmi. Sai da na yi ɗage kafin ya miƙe.

"Ja sosai," ya ce. "Kada ka ji tausayinsa, ka sake cuce ni."

Sau goma sha biyu na ɗaga hannun nan, idona yana kawo ruwa, ina cewa ƙura ce. Da na sa tef, sabuwar igiya ta fi tsohuwar da mita uku da rabi har da ɗoriya.

Mahaƙa suka koma rami. A rana ta tara suka fasa yumɓu suka faɗa yashi, kafin ƙullin ya taɓa ƙasa ruwa ya kai musu idon sawu. Na cika jarka na saɓa a kafaɗa har shagon mai faci, na dire a gaban benci, na faɗi abin da na yi ɗaya bayan ɗaya. Sun yi dariyar da ta fi ta farko, kuma tun ranar sunana ya koma Malam Ma'auni. Na karɓa, ai ni na saya da bakina.

Sai dai ɓata suna ya fi gyara shi sauri. Yaya ya dawo benci, yana sa farar riga kullum, babura suna wucewa ba sa tsayawa. Na riƙa biyowa ta nan idan an tashi makaranta, in zauna a gefe, kowace ƙarar babur sai na waiwaya. Sai a wata na biyu wani mai lambu ya tsaya, ya cire hula ya sosa kai, ya ce yana da fili a hayi, ko Dogo zai duba masa. Yaya ya ɗauki sandarsa a hankali, kamar dama jiya ma an zo.

"Ka tanadi igiya?"

"Tana nan."

Ya waiwayo ya dube ni, da jakar littattafaina da alli a gaban riga.

"To ka nemo babur na biyu. Ina da mai riƙe mini hannu."