Jarumin Kawu a Hannun Mai Ƙosai

Duk ran da warin fetur ya haɗu da na tsohuwar takarda a hancina, sai kawuna ya faɗo mini a rai. Direba ne, yana jigila tsakanin Jibiya da Maraɗi. Cikin akwatin mota yake ɓoyo mana littattafan zane na wani jarumi mai jan mayafi, wanda ke tashi sama yana tare jirgin ƙasa da hannu ɗaya.

Da Faransanci aka rubuta su, kuma ba mai jin Faransanci a gidanmu, har shi kawun. Amma da damina, in ruwa ya hana mu fita, sai ya tara mu a zaure ya bi hoto ɗaya bayan ɗaya yana ƙirƙiro magana. Ku yarda da ni, ban taɓa jin labari kamar nasa ba. Kakarmu kan leƙo ta ce, "Wanga ƙato ba shi da kunya, kamfai bisa wando!" Duk da haka, da kawu ya rasu ita ta adana littattafan cikin adakarta, ƙarƙashin zannuwan aurenta, shekara da shekaru.

Bara Allah ya yi mata rasuwa. Bayan sadakar arba'in na tambayi ɗan kawu inda suke. Ko kallona bai yi ba.

"Yaya, tarkacen nan? Na ba mai ƙosan bakin tasha, ta riƙa naɗi."

"Littattafan ubanka?"

"To mi za a yi da su? Ai duk akwai fim ɗinsu a waya."

Fim! Na ga fim ɗin. Ƙara ce da walƙiya, ba mai tsayawa kamar kawu ya tambaye ka me kake zaton zai faru. Har yau raina na tafasa. Abin da tsohuwa ta tsare daga gara da ruwan sama, jinin kawu ya bayar a yini guda.

Na je tashar a fusace. Matar ta ji tausayina, ta zaro mini shafi tara da suka rage, duk da ɗigon mai.

Jiya na tara 'ya'yana na gwada yi musu irin na kawu. Abin mamaki, suka ajiye waya. Muna kaiwa inda jarumin ya riƙe gada tana shirin ruftawa da mutane, shafi ya ƙare.

Autata ta ce, "Umma, sai me ya faru?"

Na buɗe baki, na tarar na manta.