Matar da Ta Ƙi Tsallake Shafin Ƙarshe

Duk wanda ya saba bin Layin Coci a garin Harlow Mills da sassafe ya san ƙarar nan. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar kaza na tsattsagar masara a faranti. Misis Hendrika Veltkamp ce a teburin kicin ɗinta. Da ta sallami maigidanta Gerrit ya tafi wurin yankan katako, ta kwashe kofunan kofi, sai ta matse takarda mai kauri a cikin allon ƙarfe mai ramuka, ta ɗauki ɗan tsinkenta, ta shiga huda. Rubutun makafi ke nan. Ta bayan takarda ake yinsa, daga dama zuwa hagu, domin in an juya ɗigogin su taso yadda yatsa zai ji su. Harafi ɗaya ya kuskure, shafi ya lalace. In ta gama sai ta shafe shi da ƙaron da kafintoci ke shafa wa katako, ta shanya a igiyar wanki. Gerrit ya sha faɗa wa maƙwabta cewa a gidansa littafi ya fi rigarsa samun wuri a igiya.

Fiye da shekara talatin tana wannan aiki, babu albashi, babu sunanta a bangon ko da littafi ɗaya. A bazarar nan ta ajiye tsinke. Shi ya sa ya kamata a tsaya a jinjina mata tun tana iya jin abin da ake faɗi.

Lokacin da ta fara, a shekarun dubu da ɗari tara da ashirin, abin da ke ɗakin karatu na makarantar makafi ta ƙarshen gari bai wuce littattafan addini da na lissafi ba. A waje kuwa, duk yarinya mai ido ta haukace a kan jerin littattafan nan masu jan bango, 'Yan Matan Fitila. Kun tuna su: 'yan matan ƙungiyar sansani su biyar, kullum suna daji, yau kwalekwale ya kife, gobe an ɓata a dutse, jibi sun ceto jaririn wani manomi daga ambaliya. Manya suna yatsina fuska, suna cewa tarkace ne. Misis Veltkamp ta ce to, in tarkace ne, su ma makafin a ba su nasu kason.

Babi-babi take kai musu, kowace Asabar, cikin kwandon cefane. Su kuwa marubutan littattafan nan ba su da tausayi, ba sa rufe babi sai sun jefa wata cikin bala'i. Akwai wata 'yar shekara sha biyu a makarantar, Leota Pruitt, wadda bakinta ya fi jikinta girma. Ita ce ke tarar kwandon a bakin ƙofa.

"Haba Misis Veltkamp! Kin bar mana yarinya rataye a bakin dutse har mako guda? Ba kya tsoron Allah?"

"Za ta jira," in ji Misis Veltkamp. "Hannunta da ƙarfi."

Rigimar ta taso ne da littafin farko ya zo ƙarshe. Kowane ɗaya daga cikin littattafan yana da shafi na ƙarshe wanda ba labari ba ne, kira ne ga masu karatu su shiga ƙungiyar. Shugaban makarantar, Mista Ashcroft, ya ga kwafin masu ido, ya aika a kira ta. A yi masa adalci, ba mugu ba ne. Ya taɓa tsamo ɗalibinsa daga kogi da hannunsa, tun ranar bai ƙara yarda yaro ya wuce shingen makaranta ba.

"Misis Veltkamp, shafin ƙarshen nan ki tsallake shi. Talla ce kawai. Me za a yi da kwaɗaita wa yara abin da ba za su samu ba?"

"Mista Ashcroft, mu masu kwafi doka ɗaya gare mu. Ba ma ƙarawa, ba ma ragewa. Ko kuskuren ɗab'i na tarar, haka nake huda shi."

"To in shafin ya shigo makarantar nan, kwandonki ba zai ƙara shigowa ba."

Maganar ta yi mata nauyi, kada wani ya ce ba ta yi ba. Ta ga Asabar ɗinta za ta tafi, ta ga yaran za su koma wa lissafi. Kwana da kwanaki ba a ji ƙwas-ƙwas a Layin Coci ba. Har Gerrit, wanda ba ya shiga abin da babu ruwansa, ya sa baki.

"Shafi ɗaya ne fa, Rika."

"Yaran nan idona suka ara, Gerrit. In na fara zaɓar musu abin da za su gani, gobe me kuma zan ɓoye?"

Washegari ta huda shafin kaf, har da adireshin ƙasa. Ranar Asabar Leota ta bi layin da yatsunta a gaban sauran yara, tana karantawa da ƙarfi: "Kowace yarinya da ta kai shekara sha biyu tana iya shiga." Ta tsaya. Ta mayar da yatsa baya.

"Kowace? Haka aka rubuta, ko ke kika ƙara don ki faranta mana?"

"Haka aka buga."

"To ni yarinya ce, kuma na kai."

Mista Ashcroft ya cika alkawarinsa, ya rufe wa kwandon ƙofa. Misis Veltkamp ba ta yi masa hayaniya ba. Ta sa hularta ta tafi wurin Mis Thornquist, jagorar ƙungiyar 'yan matan sansani ta garin. Ita ma da ta ji zancen sai jikinta ya yi sanyi. Ga wuta, ga tafki, ga gatari. Ta ce al'adarsu ita ce sabuwar shiga sai ta hura wuta a fili a gaban jama'a da tsinken ashana biyu, amma saboda lalurar yarinyar ana iya ɗaga mata wannan.

"A'a," in ji Misis Veltkamp. "Ku yi mata jarrabawar yadda take. Kada ku ƙara, kada ku rage."

Abin dariyar shi ne ita kanta ba ta taɓa kwana a tanti ba, kuma ko kwaɗo ta gani sai ta tattare siket. Abin da ta sani na daji duk a littattafan da ta huda ta san shi. Amma da hutu ya zo, ta roƙi iyayen Leota, ta kawo ta bayan gidanta, suka duƙufa. Busasshiyar ciyawa a ƙasa, ƙirare a sama, a bar wa iska hanya. Leota ta ƙone yatsu, ta yi kuka, ta zagi ashana da wanda ya ƙirƙiro ta. Shingen Gerrit har yau da baƙin tabo a gefe ɗaya.

Ranar jarrabawa aka taru a bakin tafki da rana tsaka, iska na kaɗawa. Mista Ashcroft ya zo ba tare da an gayyace shi ba, riƙe da bokitin ruwa. Leota ta durƙusa, ta lalubi itacenta, ta jera. Ta ƙyasta ashana ta farko, iska ta kashe. Wata yarinya ta ce "wayyo" a hankali. Waɗanda suke wurin sun ce Misis Veltkamp zama ta yi a kan hannayenta, don ta san in ta bar su za su kai ɗauki. Leota ta ɗaga fuska, ta juya ta a hankali har ta ji ta inda iska ke dukan kumatunta, ta matsa ta ba ta baya. Ta ƙyasta ta biyu, ta tura ƙarƙashin ciyawa.

Shiru. Rana ta yi haske sosai, babu wanda ya ga harshen wuta. Mis Thornquist har ta buɗe baki za ta ba ta haƙuri.

"Ta kama," in ji Leota. "Ku ba kwa jin ƙararta ne?"

Sai ga hayaƙi ya miƙe. 'Yan matan suka ɓarke da ihu. Mista Ashcroft ya daɗe tsaye, sannan ya ajiye bokitinsa, ya zo gaban Misis Veltkamp ya cire hula.

"Ranar Asabar ki kawo littafi na biyu," ya ce. "Da shafin ƙarshe."

Ke ce, Misis Veltkamp, kika buɗe wannan ƙofa, kuma da tsinke kika buɗe ta. Ke ce mai amanar harafi. Ba ki rubuta labarin ba, ba ki kafa ƙungiyar ba, ba ki hura wutar ba, amma ba don ke ba da babu yarinyar makarantar nan da za ta san ƙanshin hayaƙin sansani. Bayan Leota, 'yan mata da yawa sun fita ta shingen nan da bargo a kafaɗa. Wasunsu yau malamai ne, wasu iyaye, ɗaya ma ita ke gyara wa cocinmu abin kiɗan nan fiyano. Garin nan yana alfahari da su, kuma ya makara wajen yin alfahari da ke.

Yanzu yatsunta sun sandare, yanar ido ta rufe mata gani. Ga wani abin da mutane ba su sani ba: mai kwafi da ido yake karanta ɗigogi, ba da yatsa ba. Matar da ta cika kantocin makaranta da littattafai ba ta iya karanta ko layi ɗaya daga cikinsu. Don haka kowace Asabar Leota, wadda yanzu ita ce jagorar ƙungiyar sansani ta 'yan mata makafi, takan zo da tsohon littafi a hammata, ta zauna a teburin kicin ta karanta mata babi ɗaya. Daidai inda aka jefa yarinya cikin bala'i sai ta rufe.

"Haba Leota! A nan za ki bar ta?"

"Za ta jira, Misis Veltkamp. Hannunta da ƙarfi."

Asabar ɗin da ta wuce suka kai ƙarshen littafin farko. Leota ta buɗe shafin nan, ta sa yatsa, sai ta tsaya. Ta ce kalmar farko ta shafe. Yara sun yi ta komawa kanta shekara da shekaru suna taɓawa don su tabbatar, har ɗigogin suka kwanta. Ta ce ba komai, ai ta haddace.

"Ke kin haddace," in ji tsohuwar. "Wadda za ta zo bayanki fa? Miƙo min tsinkena."

Leota ta juya shafin, ta saita allon, ta kama mata hannu ta kai shi daidai wurin. Maƙwabta suka sake jin ƙarar, a hankali, da tsayawa a tsakani.

Mun gode, Misis Veltkamp. Allah ya saka miki, ya ƙara miki kwana cikin lafiya. Ku kuma masu ido da lafiyayyun yatsu, allon nan da tsinken suna ɗakin karatu na gari suna jiran hannu, kuma akwai littattafan da ba a huda ba tukuna. In kun je, ku nemi a nuna muku shafin ƙarshen nan, ku rufe ido ku sa yatsa a farkon layi. Duk sauran kalmomin sun tsufa, amma "kowace" tana nan a tashe.