Saƙon Shuwaka da Ya Kwantar da Ni

Ko zan manta lambar gidanmu, ba zan manta kwanaki taran da na jingine maganin hawan jinina saboda saƙon waya ba. Lokacin ina da shagon ɗinki a Kakuri, bayan masaƙa ta rufe ta watsar da mu. Mu tsofaffin ma'aikatanta muka buɗe guruf a waya, wai don zumunci. Kafin wata guda kowa ya zama likita. Saƙo ɗari kafin ka gama shan koko, ni kuma ba na iya tsallake ko ɗaya. Wuyana ya sandare, keken ɗinki na kallona, ina kallon waya.

Wata safiya aka turo dogon rubutu: wai wani babban likita ya gano ƙwayar hawan jini tana cinye ƙoda, ruwan shuwaka da tafarnuwa ya wadatar, har akwai dattijon da ya shekara ɗari da ashirin a kansa. Ni kuwa Allah ya yi ni da son ganin ƙwaƙwaf. Na cusa ƙwayoyina ƙarƙashin katifa, na dinga kwankwaɗar ɗacin da ko akuya ta lasa sai ta kai ƙara wajen mai unguwa.

A rana ta tara ina auna wa wani mutum wando, na sunkuya, sai na ga ƙafafunsa sun zama huɗu. A asibiti na farfaɗo, maƙwabciyata tsaye a kaina. Tsohuwar nas ce 'yar kudancin Kaduna, Mama muke ce mata.

"Malam, kana shan maganinka?"

"Ina sha, Mama. Na gargajiya."

"Wa ya rubuta maka?"

"Guruf."

"Guruf! Guruf ɗin ne ya kinkimo ka zuwa nan? Da ka ƙara kwana biyu, da ɓarin jikinka ya shanye. Su kuma hotonka za su tura, su ce a yi maka addu'a."

Da aka sallame ni, abu ɗaya ya hana ni sakat: wane ne likitan nan? Ina son in ga fuskarsa. Wanda ya turo mana ya ce daga surukinsa na Makera ya samu. Surukin ya ce wani direba ne a Sabon Tasha. Direban ya aika ni wajen wani mai walda a Gonin Gora. Na same shi yana haɗa ƙyaure, na nuna masa wayata.

"Ai ni na rubuta, Alhaji," ya ce, har da ɗaga kafaɗa. "Amma ba daga kaina ba. A wani bikin suna na ji wani tela mai ƙaton tumbi yana ba da labarin kakansa da ruwan shuwaka."

"Likitan fa? Da maganar ƙoda?"

"Wannan na ƙara ne don mutane su karanta."

Na dubi cikina. Jinya ta zabge shi, shi ya sa bai gane ni ba. Ni ne telan. Kakana kuwa bai ko kai saba'in ba, kuma ko miyar shuwaka ba ya ci. Na shirga labarin ne kawai don a yi dariya kafin a kawo shinkafa.

A cikin bas na rubuta wa guruf gaskiya tiryan-tiryan. Mutum biyu suka karanta, ɗaya ya turo fuskar dariya. Babu wanda ya tura gaba. Har yau nakan tuna cewa wani yana can ya ajiye ƙwayarsa saboda zancena, sai dariyar ta maƙale mini.

Tun daga nan na koyi cewa abin da waya ta kawo bakin mutum ne ya fara faɗarsa, kuma bakin zai iya zama irin nawa. Maganar lafiya wajen likita mai fuska nake kai ta. Barkwanci ban daina ba, amma kakana na bar shi ya huta a shekarunsa na gaskiya.