Ba zan sa wa ɗana sunan Kawu ba

Shekara shida ke nan da rasuwar Kawu, yayan Innata, malamin Faransanci a makarantar 'yan mata da ke Gummi. An ce mutuwa rigar kowa, kuma ba a faɗin sharrin mamaci. Na yi shiru har yau. Amma yanzu zan rubuta.

Daga garinmu Bukkuyum aka kai ni riƙo gidansa ina aji uku na sakandare. A shekarar ne ya fara koya mana sigar aikatau da Faransawa ke kira futur antérieur, wato faɗin aikin da zai riga ya kammala kafin wani abu ya faru. Ka ɗauko kalmar avoir ko être a sigar nan gaba, ka ɗora aikatau a kai. Sauran ɗalibai a allo suka koye shi. Ni a tsakar gida na koye shi.

Kullum da yamma in zai fita, sai ya tsai da ni gaban babur ɗinsa, in yi masa alkawari da Faransanci. Quand vous rentrerez, j'aurai lavé les habits: kafin ku dawo na wanke kaya. Na daka gero, na cika randa, na share zaure. In na sa avoir inda être ya dace, dorina. In jimla ta fita daidai amma randa ba ta cika ba, ya ce na yi ƙarya da harshe biyu, in durƙusa kan tsakuwa har a kira magariba. Matarsa ta taɓa sa baki, ya ce ta bari, ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wani icen kuwa karyewa yake yi.

Da Kawu zai leƙo yau, ya ga an daina Faransanci a makarantar tun da baƙin malamai suka koma ƙasashensu, ya ga ɗakin ajinsa an tara karyayyun kujeru, na san zai ce jahilci ya ci gari. Ni kuwa da na ji labarin, har ga Allah, daɗi na ji.

Yanzu ina aure a Anka, cikina ya tsufa. Inna ta zo ta roƙi maigidana, in namiji ne a mai da sunan Kawu, shi kuma kunyar suruka ta sa ya amsa. Kowa ya san abin da ke biyo baya. Ba zan kira yaron da sunansa ba, sai dai in ce Kawu. In goya Kawu, in shayar da Kawu, in ya yi kuka in zabura.

Na ce wa Inna ba zan iya ba. Ta ce, "Ke ɗiyar ga, mi ya yi miki in ba karatu ba? Wa ya ci Faransanci a ajinku in ba ke ba?"

Gaskiyarta, na ci. Har gobe ba na kuskure a jimlolinsa, kuma har gobe in na faɗi ɗaya bakina ke bushewa. Abin da ya bar mini ke nan, su biyun a ɗaure.

Inna ta rantse ba za ta taka gidan suna ba in aka canja. Jiya na durƙusa gaban maigidana na faɗa masa komai, ya ce zai je Bukkuyum da kansa ya janye maganar. Allah ya jiƙan Kawu, ya yi masa hisabi da sauƙin da bai yi mini ba. Amma ina so in ɗauki ɗana ba tare da gabana ya faɗi ba.